Yadda ake tara sisin gwal na zamanin mulkin mallaka da kuɗin gwaji

Kowane tsohon kuɗin zinariya farashi biyu gare shi. Akwai kuɗin gwal ɗin da ke jikinsa, wanda kowane ɗan gwal zai ɗora a sikeli ya gaya maka. Akwai kuma ƙarin da masu tarawa ke biya saboda shekarar da aka buga shi, da garin da aka buga shi, da yadda jikinsa ya tsira daga hannun mutane. Na farkon ba ya guduwa ko'ina. A na biyun ribar take, a nan ne kuma ake yi wa sabon shiga sakiyar da ba ruwa. Abin da zan nuna maka shi ne yadda za ka tabbatar, duk ranar da ka biya sama da kuɗin gwal, ka san abin da ka biya wa.

Tun da wuri mu cire wani ruɗu. Turawan Ingila ba su taɓa buga kuɗin zinariya na kashewa don Najeriya ko Gana ba. Anini da kwabo masu huda suka fara kawowa daga 1907, sannan taro, sisi, sule da dala na azurfa daga 1913, waɗanda aka mayar na tagulla daga 1920. Sulen nan rawaya mai bishiyar kwakwa tagulla ne, ko an goge shi yana walƙiya. Zinariyar da ta shigo gidajenmu, wadda ake kira sisin gwal har ake biyan sadaki da ita, musamman a Borno, yawancinta fam ɗin zinariya na Ingila ne, wanda masu tarawa ke kira Sovereign, ko kuma kwaikwayonsa na maƙeran ƙasashen Larabawa. Da shi za mu koyi aikin.

Kayan aiki

Sikelin dijital mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, wato 0.01 na gram. In ka sami mai lamba uku, ya fi. Na kicin ba ya yi ko kusa. Ka haɗa da ƙarfen daidaita sikeli na gram 10. In ba ka da sikeli, auna a shagon 'yan gwal biyu daban ka kwatanta.

Ma'aunin faɗi da kauri irin na masu gyaran inji. Na roba ya fi, don na ƙarfe yana karce baki. In na ƙarfen ne a hannunka, liƙa masa salatif a leɓɓansa biyu, ka rufe shi, ka mayar da lambar sifili.

Gilashin ƙara girma mai ninki 10. Kyamarar waya mai ɗaukar hoton kusa tana iya riƙe maka na ɗan lokaci.

Mayen ƙarfe mai ƙarfi, ƙaramin kofi na ruwa, zare siriri, ƙyalle mai laushi na shimfiɗawa, da fitilar tebur guda ɗaya. Ɗaya nake nufi: haske daga kusurwa guda shi ke fito da karce.

Kundin da ke jera shekaru da adadin bugu. Na Michael Marsh shi ne madogara a kan Sovereign, na Friedberg kuma ya tattara zinariyar duniya. In ba su samu ba, shafin Numista kyauta ne, kuma manyan gidajen gwanjo suna barin hotuna da farashin abin da suka sayar a baya a shafukansu.

Sai littafin rajista mai bango mai ƙarfi.

1. Zaɓi layi ɗaya ka tsaya a kai

Fagen nan ya fi ƙarfin aljihun kowa. Sifaniyawa sun buga eskudo takwas, mai nauyin kusan gram 27, a Meziko, Lima, Potosi, Bogota, Popayan da Santiago. Turawan Fotugal sun buga nasu a Rio, Bahia da Minas na Barazil. A Indiya akwai mohur mai gram 11.66, wanda na 1835 ke ɗauke da zaki da bishiyar dabino. Faransa ta buga wa Tunisiya faran 20 na zinariya da sunan Bey, wato sarkin ƙasar, daga 1891, nauyinsa gram 6.45, kuma yana cikin masu sauƙin kuɗi. Akwai gini na Ingila da aka fara a 1663, wanda waɗansu ke da ɗan giwa a ƙarƙashin kan sarki, alamar daga gaɓar Afirka ta Yamma aka kai zinariyar. Kowanne da awonsa, kowanne da irin jabunsa. Wanda ya ce zai taɓa duka a shekarar farko, ba zai ƙware a ko ɗaya ba.

Shawarata ga mai farawa ita ce fam ɗin Sarki Joji na Biyar. Gidan buga kuɗi na Landan ya buɗe rassa shida a ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila, kuma a zamanin wannan sarkin kaɗai dukkansu suka buga fam: Sydney, Melbourne da Perth a Ostareliya, Ottawa a Kanada, Bombay a Indiya, Pretoria a Afirka ta Kudu. Nemi ɗaya daga kowane gari, a shekarar da aka buga da yawa: na Ottawa ka nemi 1911, na Pretoria 1927 ko 1928, na Bombay kuwa 1918 ce kaɗai, amma an buga fiye da miliyan guda. Yawancinsu ba sa nisa da kuɗin gwal, saboda haka ko idonka ya yi kuskure, ƙarfen zai mayar maka da mafi yawan kuɗinka.

2. Haddace awo

Fam: nauyi gram 7.99, faɗi milimita 22.05, kauri kusan milimita 1.5, karat 22, wato 916 cikin 1,000. Zallar zinariyar da ke ciki gram 7.32. Rabin fam: gram 3.99, faɗi milimita 19.3. Tun daga 1817 awon nan ɗaya ne a duk gidajen bugun. A dokar Ingila, fam ɗin da ya zaizaye ya sauka ƙasa da gram 7.94 ya fita daga kuɗin kashewa, don haka wanda jikinsa ke sabo amma ya nuna 7.85 akwai magana.

3. Lissafa kuɗin gwal kafin a fara ciniki

Duba farashin zinariya na ranar. A kasuwar duniya da oza ake faɗa, ita kuma gram 31.1 ce. Raba farashin da 31.1, ka ninka da 7.32, ka mayar naira ko sefa. Wannan shi ne ƙasan farashin. Duk abin da mai sayarwa ya ɗora a kai, tambaye shi na mene ne. In amsar ita ce "ai tsoho ne", ba amsa ba ce: an buga fam ɗin Sarauniya Biktoriya miliyoyi, da yawansu yau kuɗin gwal ne da ɗan abin goro. In kuma farashin ya gaza kuɗin gwal, tashi ka ba shi wuri. Babu mai sayar da zinariya ƙasa da abin da maƙeri zai ba shi.

4. Gwada shi, kuma bi wannan jerin

Shimfiɗa ƙyalle, ka riƙe kuɗin ta bakinsa da yatsu biyu.

Fara da sikeli da ma'auni tare, domin ɗaya ba ya isa. Zinariya ta fi tagulla nauyi ninki biyu, ta kuma fi dalma sosai. Mai jabu in ya daidaita nauyi, dole kauri ko faɗi ya ƙaru. In ya daidaita faɗi da kauri, nauyi zai gaza.

Sai maye. Zinariya ba ta bin mayen ƙarfe. Amma ƙin bi ba shaida ba ce, tagulla ma ba ta bi. Wannan gwajin jabun banza kawai yake kamawa.

Sai ruwa. Ɗora kofi a sikeli, mayar da lamba sifili. Ɗaure kuɗin da zare, ka nutsar da shi gaba ɗaya ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba, ka kore kumfar da ta liƙe masa. Lambar da ta fito za ta yi kusan 0.45. Raba nauyinsa na bushe da ita. Karat 22 yana bayar da kusan 17.6, karat 21 kusan 16.9, karat 18 wajen 15. A sikeli mai lamba biyu, bambancin 0.45 da 0.46 kaɗai yana motsa amsar daga 17.8 zuwa 17.4, shi ya sa na ce mai lamba uku ya fi. Maimaita sau uku, sannan ka tsane kuɗin da ƙyalle ta dannawa, ba gogewa ba.

Juya shi kamar yadda ake buɗe shafin littafi. Daga hoton Biktoriya mai ɗan ƙaramin kambi na 1887 zuwa gaba, hoton mahayi a kan doki da ke bayan fam zai fito a tsaye. Na kafin nan baya yana fitowa a kife. Masu kwaikwayo sukan manta da wannan.

Sai ido, wanda shi ne mai wuyar koyo. Kuɗin gaske da ƙarfin inji aka danna shi, don haka haruffa suna da kaifi, haƙoran baki daidai suke, filin da babu zane sumul yake. Na zubi yana da ƙananan ramuka da ƙuraje, haruffa sun yi kumburi, wani lokaci da layin haɗi a baki. Buɗe hoton na gaske na wannan shekarar a waya ka kwatanta wutsiyar doki, yatsun mahayi da surar lambobin shekara.

Ga inda mutane da yawa ke faɗawa: kuɗin na iya zama zinariya ta gaske amma ba fam na gaske ba. Daga shekarun 1950 an yi ta buga kwaikwayon fam a Italiya da Labanon da zinariya mai kyau, har ya sa Landan ta koma bugawa a 1957. Har yau maƙeran ƙasashen Larabawa suna yin nasu na ado, sau da yawa gram 8 na karat 21, wani da ɗan tambarin 21K ko 875, wani ba komai. Wannan sadaki ne mai kyau, ajiya ce mai kyau, amma ba shi da farashi na biyu.

Kada ka bari a goga shi a dutse a ɗiga asid, kada a kankare baki "don a ga ciki". Maƙeri ƙarfe yake saye, bai damu da tabo ba. In shagon yana da na'urar haska ƙarfe, yi amfani da ita, ba ta ɓata komai, sai dai fatar sama take karantawa, don haka ba ta maye gurbin sikeli da ruwa.

5. Karanta harafi da shekara

A fam mai doki daga hoton 1887 zuwa gaba, harafin gidan bugu yana kan tudun da dokin ke takawa, daidai saman tsakiyar shekarar. S na Sydney, M na Melbourne, P na Perth, C na Ottawa, I na Bombay, SA na Pretoria. Babu harafi, Landan ke nan. A na ƙuruciyar Biktoriya mai doki, harafin yana ƙarƙashin wuyanta. A mai garkuwa a baya, yana can ƙasan garkuwar. In ka ga lamba a wurin maimakon harafi, lambar hatimin bugu ce ta Landan, wato ƙarfen da ke danna zanen a jikin kuɗi, tsakanin 1863 da 1874. Ƙananan haruffan B.P. kusa da shekara sunan mai zanen dokin ne, Benedetto Pistrucci, ba Perth ba. B.M. a wuyan Joji na Biyar na Bertram Mackennal ne, ba Melbourne ba.

Yanzu gwada harafin da shekara. Sydney ta fara a 1855 ta rufe a 1926, kuma har 1870 zanenta na kanta ne, da sunan Ostareliya rubuce a baya. Waɗannan na farkon sun fi haske saboda da azurfa aka gauraya su, kada launin ya tsorata ka. Melbourne daga 1872 zuwa 1931. Perth daga 1899 zuwa 1931. Ottawa daga 1908 zuwa 1919, ban da 1912 da 1915. Pretoria daga 1923 zuwa 1932. Landan ba ta buga ba daga 1918 zuwa 1924. Duk haɗin da ya saɓa wa wannan jabu ne, ba "wanda ba a taɓa gani ba" ba.

Masu tsadar sanannu ne: 1908 na Ottawa guda 636 aka buga, sai 1916 na Ottawa, 1917 na Landan, 1920 na Sydney, 1923 da 1924 na Pretoria. Da yake sanannu ne, su aka fi ƙirƙira. Ana ɗaukar 1917 na Perth a kankare P ya koma "na Landan", ko a liƙa C a jikin 1916 na wani gari. Sa gilashi a kan tudun nan. In wurin ya lotsa, ko ya yi santsi fiye da kewayensa, ko harafin kamar a zaune yake a sama bai tsiro daga jikin ƙarfen ba, an taɓa shi. Shi kuwa 1925 na Landan, an sake buga shi da shekarar nan daga 1949 zuwa 1951, saboda haka yana da yawa.

6. Duba lafiyar jiki

Fam biyu masu shekara ɗaya da harafi ɗaya na iya bambanta ninki da yawa saboda jiki kawai. Duba wuraren da suka fi tudu, su ke fara cinyewa: gashin sarki saman kunne, gemu, ƙirji da gwiwar mahayi. Karkata kuɗin a ƙarƙashin fitila. Wanda bai sha hannu ba, haske yana zagaya shi kamar yana juyawa. Wanda aka goge da man goge ƙarfe yana ƙyalli fau, da siraran layuka masu bin hanya ɗaya. Ga mai tarawa wannan ya mutu.

A ƙasarmu babbar matsalar ita ce sarƙa. Yawancin fam ɗin da ke adakar iyaye mata an taɓa rataya su. Zagaya bakin da gilashi, musamman saman kan sarki, ka nemi tabon walda, haƙoran da aka sake yankawa, huda da aka toshe, ko zoben da firam ya bari. Irin wannan kuɗin gwal kawai za ka biya, sai fa in shekarar tana cikin masu wuya ƙwarai.

Kamfanoni biyu na Amurka, PCGS da NGC, suna tantance kuɗi su ba shi maki daga 1 zuwa 70, su rufe shi cikin roba mai lamba. Daga 60 zuwa sama shi ne wanda bai shiga kasuwa ba. Wanda aka goge ko aka cire daga sarƙa ba sa ba shi maki, sai su rubuta aibinsa. Ita ma robar ana jabunta, don haka shigar da lambar a shafin kamfanin, in akwai hoto ka kwatanta karce da karce.

7. Inda ake saye

Wurin 'yan gwal nan ne makaranta mai arha. Yi sabo da mutum ɗaya mai amana, ka roƙe shi ya riƙa nuna maka tsoffin fam kafin a kai su narkawa, ka riƙa ɗora masa ɗan ƙari. Kayan gado ma haka, sai dai in ka ga mai tsada a hannun wanda bai sani ba, gaya masa. Kasuwar ƙarama ce, kuma haƙƙi ne. Teburan masu kayan tarihi suna da daɗin dubawa don anini da liyari, amma abin da ke rawaya a can yawanci tagulla ne. Akwai ƙwandalolin wasan karta da aka yi a Ingila masu kama da gini, da waɗansu masu shekarar 1837 da mahayin doki masu kama da fam. Sikeli yana tona su nan take.

Duk abin da ƙarinsa ya kai rabin kuɗin gwal ko fiye, ni ba na saya sai a rufe da lamba, ko daga gidan gwanjo da ke karɓar kaya in ya fito jabu. Spink da Noonans a Landan, Heritage da Stack's Bowers a Amurka, Künker a Jamus, Noble a Ostareliya, duk sanannu ne. Ka tuna farashin da aka buga guduma a kai ba shi ne za ka biya ba: akwai ladan gidan, kashi 20 cikin 100 ko sama, ga kuɗin aikawa da inshora da kwastan. Tambaye su ko suna aikawa ƙasarku kafin ka taya. Rubuta iyakarka a takarda, kada ka wuce ta. Ka kuma tambayi malaminka hukuncin sayen zinariya daga nesa da musayar zinariya da zinariya, domin a fiƙihu akwai sharaɗin hannu da hannu, da daidaiton nauyi in jinsi ɗaya ne. Musayar fam mai tsada guda da na gama-gari uku ba ƙaramar tambaya ba ce.

8. Kuɗin gwaji

Wannan sai idonka ya nuna. Kuɗin gwaji shi ne wanda gidan bugu ya buga kaɗan don hukuma ta duba zane ko ƙarfe kafin ta amince. Wahalarsa ita ce ba ka da dubunnan irinsa da za ka kwatanta, wani lokaci ma nauyinsa ko ƙarfensa ya saɓa wa na kashewa da gangan. Sikeli ba zai cece ka shi kaɗai ba. Abubuwa huɗu ake kira da wannan suna, farashinsu kuwa sama da ƙasa ne.

Na farko shi ne na ainihi, wanda aka buga a lokacinsa a gidan hukuma. Misali fam da rabin fam masu shekarar 1853 da aka buga a Landan don gwada zanen Sydney kafin reshen ya buɗe. Ko fam ɗin Edward na Takwas mai shekarar 1937: ya sauka daga sarauta a Disambar 1936 kafin a fitar da kuɗinsa, 'yan ƙwayoyin gwaji suka rage, an sayar da ɗaya a kan fam miliyan guda na kuɗin Ingila a 2020. Irin waɗannan an san adadinsu, galibi ma an san inda kowanne yake.

Na biyu shi ne wanda aka rubuta wa alamar gwaji amma aka buga da ɗan yawa don masu tarawa. Faransawa suna sa ESSAI, Italiyawa PROVA, Jamusawa PROBE. Gidan bugu na Paris ya yi wa yankunan da Faransa ta mallaka irin wannan, har da Afirka ta Yamma a 1948. Yawancinsu ba na zinariya ba ne, kuma su ne ƙofar shiga mai sauƙi, musamman ga 'yan'uwa na Nijar da Kamaru. Duba kalmar da gilashi: fitowa take daga jiki kamar sauran rubutun, ba tsaga ta aka yi daga baya ba.

Na uku bugun baya: hatimin na asali ne, amma an ɗauko shi bayan shekaru an sake bugawa. Gidan bugu na Bombay ya daɗe yana yi wa masu oda haka da tsoffin hatiman mohur har cikin ƙarni na 20. Kuɗin Kangaroo Office na Melbourne masu shekarar 1853, waɗanda aka rubuta wa nauyi maimakon daraja, su ma an sake buga su daga baya a wasu ƙarafa. Alamar bugun baya ita ce fili mai ƙyalli kamar madubi, amma da ƙananan ƙuraje inda hatimi ya yi tsatsa, da sassan zane da suka dushe don an goge hatimin. Halal ne a tara su, in dai an sayar maka da sunansu da farashinsu.

Na huɗu ƙagagge. A shekarun 1950 da 1980 'yan kasuwa sun buga manyan ƙwandaloli masu hoton Edward na Takwas da shekarar 1936 da sunayen ƙasashen mallaka, waɗansu har na zinariya. Babu hukumar da ta taɓa neman su. Abin dariya, kuɗin wannan sarkin na gaske yana nan a gidajen kakanninmu: kwabo, ɗari (rabin kwabo) da anini na 1936 masu huda, da sunansa amma ba hotonsa. An buga su da yawa, ba su da tsada.

Ga yadda ake bi. Nemo lambar kuɗin a kundi. In ba ya cikin kowane kundi, ɗauka ƙagagge ne. Karanta ƙarfe, nauyi da irin bakin da kundin ya ce, mai haƙora ko sumul, domin sau da yawa bakin ne ke raba na asali da bugun baya. Sannan nemi salsalarsa kamar yadda ake bin isnadi: daga tarin wa ya fito, wane gwanjo, wace shekara, lamba nawa. Nemo hoton wancan gwanjon da kanka, ka sami tabo ko ɗigo guda biyu ko uku da ke jikin hoton kuma suke jikin abin da ke gabanka. Labarin "wani Bature D.O. ne ya ba kakana" ba salsala ba ce, ko da gaskiya ne.

Kada ka haɗa kuɗin gwaji da kuɗin ƙunci na lokacin yaƙi, ko da yake masu tarawa ɗaya ne ke neman su. Rufi 15 mai giwa da Jamusawa suka buga a Tabora ta Tanzaniyar yau a 1916, da zinariyar mahaƙar Sekenke, 750 cikin 1,000 ne kawai, nauyinsa ɗan sama da gram 7. Fam ɗin daji na Buwa, Turawan Afirka ta Kudu, na 1902, wanda aka buga guda 986 a garin Pilgrim's Rest, da hannu aka sassaƙa hatiminsa. Dukansu bugunsu ba shi da tsafta tun asali, wannan ya sa jabunsu ke da sauƙin shigewa. Kada ka saye su tsirara.

9. Ajiya, rajista da zakka

Kowane kuɗi da gidansa: ƙaramin gwangwanin roba mai tauri daidai faɗinsa. In babu, ƙaramar ambulan ta takarda, ɗaya ɗaya. Guji leda mai laushi mai warin roba, tana barin danƙo. Kada ka zuba su cikin jaka guda suna gugar juna, zinariyar karat 22 tana da taushi. Da hunturu ƙura tana shiga ko'ina, kuma ƙurar ce ke yin karce in an share da ƙyalle. Hure ta da abin hura iska na masu kyamara.

Ba a wankewa. Jan ɗigo da kake gani a waɗansu daga jan ƙarfen da ke gauraye ne, bar shi. In maiƙo ko danƙon salatif ne, jiƙa shi cikin asiton zalla na ɗan lokaci a kofin gilashi, ba na cire jan farce mai turare ba, ka bar shi ya bushe da kansa.

A rajista rubuta shekara, harafi, nauyi, faɗi, aibi, ranar saye, wurin wa, nawa, da farashin gwal na ranar. Ɗauki hoton fuska, baya da baki. Ka bar wani gurbi inda za ka rubuta da Hausa ƙarara, "wannan kada a kai wa maƙeri", tare da sunan gidan gwanjon da za a tuntuɓa, kuma wani babba a gida ya san inda littafin yake. Ajiye shi daban da kuɗin. Kada ka sa hotunan tarinka a Facebook da sunanka. In za ka fita ƙasar waje da tsoffin kaya, tuntuɓi Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da kwastan tukuna, ka riƙe rasit.

Nisabin zinariya, a lissafin da ya fi yaɗuwa, gram 85 ne. Fam 12 sun kai kusan gram 88 na zalla, wato da zarar tarin ya kai nan, ko ya kai in an haɗa da sauran kuɗin da ke hannunka, kuma shekara ta zagayo, akwai zakka ta ɗaya cikin arba'in. Ko da nauyi za a lissafa ko da darajar kasuwa, musamman ga wanda ya saya don ya sayar, kai wa malami rajistar ya duba maka.